Shaidar da Na Bayar a Kan Sarkin Ƙwanƙwasa

Ku matso ku zauna, jama'a. Mai aiki a hannu ya ajiye, wanda kuma ke da ɗa a gida ya fi kowa kasa kunne. Ni ne Nomau, maginin tukwane ɗan maginin tukwane, mutumin Birnin Yumɓu da ke bakin Tafkin Baƙin Ruwa, tafiyar wata huɗu da kwana tara daga inda ayari ke juyawa. Na ratsa ƙasa biyu da teku ɗaya ina bin sawun mutum guda. Ga yadda abin ya kasance, ban ƙara ba, ban rage ba.

A birninmu kowa tukwane yake ginawa, har ganuwarmu da tukwane aka jera ta, kuma da tukunya muke auna mutum. Masananmu sun ce ana gina ɗan Adam a cikin uwarsa, a gasa shi ran haihuwa, sa'an nan ya shekara bakwai yana hucewa. Abin da ya fito da shi daga wutar nan shi ne halinsa har kabari. Saboda haka duk yaron da ya cika bakwai, ubansa kan kai shi dandali ran kasuwar farko bayan girbi, gaban Sarkin Ƙwanƙwasa. Shi kuma ya lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙirjin yaron sau uku, ya kafa kunne, kamar yadda mace ke gwada tukunya kafin ta saya. In ya ce, "Lafiyayye," a rangaɗa guɗa. In ya ce, "Tsagagge," a kai yaron Unguwar Tsingaro, bayan ganuwa, inda ake zubar da fasassun tukwane. An ce tsagagge ba ya riƙe amana, kamar yadda tukunyar da ta tsage ba ta riƙe ruwa.

Mai sarautar a zamanina sunansa Baidu. Dogo ne, siriri, mai tsabta, kullum da auduga a kunne don kada hayaniya ta lalata masa ji. Zan faɗi gaskiyarsa: ba a taɓa jin ya karɓi toshi ba. Ko ruwa ba ya sha a gidan da ke da yaro ɗan shekara shida.

Ɗa guda Allah ya ba mu, ni da matata Tabawa, sunansa Anaruwa. Ran da na kai shi dandali, da yatsan Baidu ya taɓa shi sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya waigo ya ce, "Baba, cakulkuli yake mini."

Baidu ya ɗago kai ya ce, "Tsagagge."

Na faɗi gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, a sake. Yaro dariya yake yi, wataƙila ita ce ta shiga kunne."

Ya ce, "Magini, in tukunyarka ta tsage a wuta, kakan kai ta kasuwa?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, kada ka ce birni ya sayi taka." Ya mai da audugarsa, ya kira na gaba.

Da hannuna na kai yaron Unguwar Tsingaro, ba wanda ya ja ni. A lokacin na gaskata abin da aka gaskata.

Shekara goma sha biyu ya yi a can. Ba mai koya wa tsagagge sana'a, ba mai miƙa masa abu hannu da hannu, sai a ajiye a ƙasa ya ɗauka. In abu ya ɓace a birni, can ake fara nema. Sau huɗu aka yi masa dukan sata, sau huɗun kuma aka ga kayan daga baya a inda masu su suka manta. Yana ɗan sha biyar na kai masa tuwo, na tarar da shi yana gasa kazar da ba tasa ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, dukan dai na riga na sha. Bari in ci kazar." Yana ɗan sha tara ya fasa rumbun birni. Aka ɗaura masa tulu cike da yashi a wuya, aka jefa shi a Tafkin Baƙin Ruwa. Baidu na tsaye a gaɓa. Ya juya wajen jama'a ya ce, "Shekara goma sha biyu ke nan da na faɗa muku."

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta daina cin abinci ne kawai. Ran kwana arba'in ta kama hannuna ta ce, "Maigida, yaron nan, ni na haife shi a tsage, ko su suka tsaga shi?" Kafin la'asar ta cika.

Na binne ta, na wasa wuƙar da nake yankan yumɓu da ita, na nufi gidan Baidu. Sai na tarar ya miƙa sarauta ga ɗan'uwansa, ya yi gabas, wai zai kai iliminsa ƙasashen da ba su da shi. Na rufe ƙofar gidana, na bi shi.

Bayan wata shida na isa Filin Garke Dubu. Can na ga abin da ban taɓa gani ba: zakanya a ɗaure a turke, mace ta durƙusa da ƙwarya tana tatsarta kamar saniya. Mutanen nan sun ce hali a nono ake shansa. Ran suna suke raba jariri da uwarsa. Wanda ake so ya zama mayaƙi a kai shi Gidan Zakanya, wanda ake so ya zama manzo mai jure tafiya a kai shi Gidan Raƙuma, sauran talakawa kuwa Gidan Tinkiya.

Wata tsohuwa ce ke tsaron ƙofar gari. Na tambaye ta dogon mutum mai auduga a kunne. Ta ce, "Mai bugun ƙirjin yaran nan? Dariya muka yi masa, ya wuce gabas. Kai kuma, baƙo, nonon wa ka sha?"

Ban san tarko ba ne. Na ce mahaifiyata wajen haihuwata ta rasu, kakata ta raine ni da nonon akuya.

Tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi kururuwa. A wurinsu ɗan akuya shi ne maɓarnaci, ba a barinsa ya yi yawo. Aka jefa ni cikin wani garke mai sakata uku, aka sa mini mai gadi, wani ƙato daga Gidan Zakanya mai suna Dankaka. Kwana goma sha ɗaya ina dubansa. Na lura in ƙadangare ya faɗo daga bango sai ya zabura. Na kuma lura kullum da hantsi, in zakoki suka fara ruri lokacin tatsa, yakan zagaya bayan rumbu wai zai kama ruwa, ba ya dawowa sai sun yi shiru.

Ran kwana na goma sha biyu, mata masu tatsa na wucewa, na ɗaga murya na ce, "Sannu da aiki, ɗan zakanya. Sakatun nan uku duk don ni ne?"

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan akuya."

Na ce, "Na rufe. Amma dai na ga abin ba da labari. Na ga ƙasar da zaki ke kulle akuya, ya koma nesa ya riƙe mashi, yana leƙe ko ta ɓalle."

Matan suka tuntsire da dariya, ɗaya har madararta ta zube. Dankaka ya kumbura, ya zare sakatun ɗaya bayan ɗaya ya watsar. Ya ce, "Ga ƙofa nan. In ka cika ɗa, taka waje ka gani."

Na ce, "Ina ni ina takawa, ga zaki a tsaye?" Na koma lungu na zauna. Da hantsi ya yi zakoki suka soma ruri, Dankaka ya zagaya bayan rumbu, ni kuma na ɗauki jakata na fita a hankali, ko gudu ban yi ba.

Daga nan na faɗa Kwarin Takwara, inda na fi daɗewa, inda kuma na fi shan wuya, ko da yake ba wanda ya taɓa lafiyata. Su a wurinsu hali a cikin suna yake. Sunayensu dubu huɗu ne cif, ba ƙari. In mutum ya mutu sunansa kan jira jariri, wanda ya karɓa kuma shi ne mamacin ya dawo, da halinsa da sana'arsa da abokansa. Baidu ya wuce ta nan cikin kwana uku, domin ba su da irin sunansa. Ni kuwa ina faɗin nawa sai kasuwa ta watse a kaina. Ashe Nomau ɗinsu ya mutu wata bakwai da suka wuce, kuma ɗan kama ne, mai ba gari dariya.

Ƙanwarsa Lantana ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Yaya, ka rame a hanya." Aka kai ni ɗakinsa, aka rataya mini 'yar gangarsa. In na ce, "Ina kwana," sai a faɗi ana riƙe ciki. Rannan na tara su na ba su labarin ɗana, tun daga dandali har tafki, ina hawaye. Suka yi ta birgima a ƙasa suna cewa, "Kai, Nomau bai canja ba! Wai tulu a wuya!" Fita kuma ba dama, domin mai suna ba ya barin kwarin, kada sunan ya ɓace musu.

Shekara biyu da wata biyu na yi. Abin da zan faɗa yanzu ina jin kunyarsa. A hankali na fara neman dariyar da kaina. Na koyi karkace baki, na koyi tafiyar agwagwa, in na fito ba a yi dariya ba sai in ji ba daɗi. Wata rana da yamma ina cin tuwo a gidan Lantana, sai na tuna tun safe Anaruwa bai faɗo mini a rai ba. Na ajiye lomar. Na ga in na ƙara shekara guda, Baidu zai mutu a kan gadonsa, ni kuwa ina tafiyar agwagwa a kasuwa.

Akwai wata mai ciki, Kuluwa, da ke zaman zullumi, domin sunan namiji guda ne ya rage ba mai shi, na wani marowaci da ya mutu ba wanda ya yi masa kuka. Na je na ce mata, "Ƙanwata, in namiji ne, sa masa nawa." Ta haifi namiji. Ran suna mijinta ya miƙe ya ce Nomau. Dattawa suka rikice, domin mutum biyu ba sa riƙe suna ɗaya. Suka dube ni da furfurata, suka dubi jaririn, suka ce shi zai fi daɗewa da shi. Nan take aka cire mini ganga, Lantana ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, aka raka ni bakin kwari aka ce marar suna ba ya kwana a cikinsu.

A rafin da ke bakin kwarin na jefar da wuƙata. Na riga na ga abin da bakin jama'a ke yi wa mutum, na kuma san da abin da zan yanka Baidu.

Na yi kwana ashirin da uku a teku kafin na sauka Tsibirin Shaida. Mutanensa masunta ne da masu dafa gishiri, kuma su ba su ce sun san abin da ke cikin mutum ba. Sun ce halin mutum shi ne abin da idon maƙwabcinsa ya gani. Baƙon da ba wanda ya san shi, farin ƙyalle ne. Amma in wani ya zo daga ƙasarsu, sai a tsai da su biyun a gaɓa, kowa ya tsoma hannu a ruwan teku ya ba da shaidar ɗan'uwansa.

Baidu ya shekara biyu a can. Ya daina ƙwanƙwasa, ya cire auduga, har sun ba shi riƙon ma'aunin gishiri a kasuwa saboda gaskiyarsa. Da aka tsai da mu, Sarkin Gaɓa, mai yanke hukunci a tsibirin, ya ce masa, "Dattijo, ka san wannan?"

Baidu ya tsoma hannu ya ce, "Na san shi. Nomau ne magini. Bai taɓa sayar da tukunya mai aibi ba, ban kuma taɓa jin ƙarya a bakinsa ba."

Sarkin Gaɓa ya juyo ya ce, "Kai fa, baƙo?"

Na tsoma hannuna har gwiwar hannu. Na ce, "Ɓarawo ne. Korarsa aka yi daga birninmu."

Shi da bakinsa ya gama cewa ba na ƙarya.

Ba a hukunta mutum a tsibirin don shaida kawai, amma kafin kwana bakwai an karɓe ma'auni daga hannun Baidu. Mata suka fara kwashe shanya in ya doso. Masu jirgi suka daina ɗaukarsa aiki. In allura ta ɓace, ɗakinsa ake fara zazzagewa. Ni kuwa na gina bukka jikin tasa, na kafa ragar shanyar kifi a bakin dangar da ta raba mu, daidai inda hannun dogon mutum zai kai ba tare da ya yi ɗage ba.

Kowace safiya nakan ce, "Ina kwana, Sarki?"

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, magini. Kifinka na nan yadda ka bar shi."

Shekara huɗu da wata biyar muna haka. Ya koma tsintar katantanwa a gaɓa, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Sau uku aka yi masa dukan sata bai ɗauki komai ba. Ni kuma tsoro ya fara cina. In tsohon nan ya mutu bai miƙa hannu ba, to kunnensa ya yi gaskiya ke nan: shi lafiyayye, ɗana tsagagge, kuma Tabawa ce ta haife shi haka. Kullum nakan zaɓi kifin da ya fi maiƙo in sa a bakin danga.

A shekara ta biyar iska ta taso, jirage suka yi kwana arba'in ba su fita ba. 'Yan tsirarun da ke ajiye masa abinci a ɓoye suka daina. Ran kwana talatin da ɗaya, da rana tsaka, ina zaune cikin bukka ina leƙe ta zana, na ga hannu ya ƙetaro danga. Ya tsaya a sama, ya koma. Ya sake dawowa. Ya ɗauki kifi guda.

Na zagaya na same shi a tsugune, ya cinye rabi. Na ce, "A ci lafiya, Sarki. Ashe lafiyayye ma na sata in an matsa masa."

Ya haɗiye, ya goge baki. Ya ce, "Ba ka gano komai ba, magini. Ni tsagagge ne. Ubana ne Sarkin Ƙwanƙwasa kafin ni. Ran da na cika bakwai ya ƙwanƙwasa ni a dandali ya ce lafiyayye. Da zai mutu ya kira ni ya faɗa mini abin da ya ji a gaskiya. Ka gani, kunne bai yi ƙarya ba. Ga shi tukunyar ta zubar."

Na ce, "Shekarunka nawa?"

"Saba'in da ɗaya."

"Kafin yau ka taɓa ɗaukar abin wani?"

"Ko tsinke."

Na ce, "Ashe ka sani. Ka san tsagagge na iya tsufa cikin mutane bai ci amanar kowa ba, in dai an bar shi cikinsu. A jikinka ka san haka, ran da na faɗi gabanka ina roƙo."

Ya ajiye ragowar kifin. Can ya ce, "Na sani. Amma in na ɗaga wa naka, sai in ɗaga wa na kowa. In aka fara shakkar kunne, sai a waiwayi ubana, daga shi kuma sai ni. Duk wanda na tura bayan ganuwa, nakan ji kamar na ƙara wa kaina shekara guda a ciki."

A nan ne na yi ihun ɓarawo.

Hukuncin sata a tsibirin guda ne. A sa ɓarawo cikin kwalekwale ba matuƙi, lokacin da ruwa ke janyewa, a ba mai kaya igiyar kwalekwalen. In ya ja, ɓarawo ya zama ɗan gidansa, ya ci da shi har mutuwa. In ya saki ya tura, teku ta ɗauka. Tsofaffi sun ce a iya saninsu sau biyu kawai aka taɓa turawa, su ma don kisan kai ya haɗu da satar ne.

Sarkin Gaɓa ya miƙa mini igiya ya ce a hankali, "Baƙo, tsoho ne, kifi ne guda, yunwa ce kuma. Mutumin ƙasarku ne."

Na riƙe igiyar na daɗe. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya so ya ja. Baidu na zaune cikin kwalekwale, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Na sunkuya na ce masa, "Sarki, ka roƙi gafarar yaron, ba tawa ba."

Ya ɗago ido ya dube ni, ba da izgili ba, da gaske yake nema. Ya ce, "Magini, fuskarka na riƙe. Amma wanne ne ma naka? Sun yi yawa."

Na saki igiya, na sa hannu biyu, na tura. Na shiga ruwa har ƙirji ina turawa, sai da ƙasa ta ƙare a ƙafata. Bai yi kira ba, bai waigo ba. Na tsaya a nan har kwalekwalen ya koma kamar ƙwayar gero, har ya ɓace.

Da na fito, ba wanda ya yi mini magana. Sarkin Gaɓa ya miƙo mini rabin kifin, domin al'adarsu ce a mayar wa mai kaya abin da ya rage. Bai ba ni a hannu ba. A ƙasa ya ajiye, na sunkuya na ɗauka. Washegari na ga maƙwabciyata ta janye 'ya'yanta da na doso. Da iska ta kwanta na shiga jirgin farko.

Shekara goma sha shida ke nan. Ban koma Birnin Yumɓu ba, ban kuma sake gina tukunya ba. In kun tambaye ni ko na yi nadama, ban yi ba. Da za a dawo da kwalekwalen gaɓa yau, da na sake turawa. Rabin kifin kuwa yana nan cikin jakar nan, ya bushe ya zama kamar itace. Na kasa ci, na kasa yarwa.

Iyakar abin da na gani ke nan. Mai aiki ya koma kan aikinsa.